Malama Amsa da Kwamfutar da Ta Fara In'ina

Ƙarfe shida da rabi na safe Malama Amsa Kallamu take fitowa daga gidanta da ke Bacirawa, da jaka a kafaɗa, ciki da fulas ɗin shayi da wani ɗan gwangwanin alawa da ta mayar ma'ajiyar sukundireba. Masu adaidaita sahu na bakin titi sun daɗe da daina tambayarta ina za ta. Su sauke ta inda kwalta ta ƙare, ita kuma ta bi burtali tsakanin gonaki. Da damina gero da dawa kan rufe ta, sai dai ka hango saman mayafinta yana tafe. Kafin bakwai da kwata ta isa makarantar sakandaren je-ka-ka-dawo da ke bayan ƙauyen, ta gaida maigadi, ta buɗe ɗakin kwamfuta.

Kwamfuta goma sha huɗu ce a ɗakin, kuma babu wadda ba ta haura shekara goma ba. Ba ta kunna su gaba ɗaya, saboda batiran sola sun tsufa. Ɗaya bayan ɗaya take bi, ta danna, ta ɗan tsaya, ta saurara, sannan ta matsa gaba. Takan ce kowace da irin kukanta, kuma ranar da kukan ya canza to akwai magana. Sai ta gama wannan zagayen take zuba shayi.

Shekara talatin da biyar ke nan tana wannan hanya, in ka cire hutu da jego. Kakanta daga Barno ya zo da fataucin kanwa da banda, ya zauna, ya yi iyali. Ita a Kano aka haife ta, abin da ya rage mata na Barno sai sunan, da gaisuwa, da turaren wutar da ba ya barin tufafinta. Da aikin buga takardu aka ɗauke ta, zamanin tafireta da sitensil. Da aka kawo kwamfutoci makarantar, an haɗo su da wani ma'aikaci da zai kula da su. Zango ɗaya ya yi ya nemi a mayar da shi birni. Injinan suka zauna a lulluɓe kusan shekara, har ranar da Malama Amsa ta shiga ofishin shugaban makaranta ta ce a ba ta mukullin. Duk Asabar ta riƙa shiga gari koyon aiki, ta dawo ta gwada abin da ta koya. Har ranar da ta ajiye aiki, takardarta ba ta daina kiranta mai buga takardu ba.

Malama, ke ce wadda kika koyi aikin da ba a ce ki koya ba, kika riƙe shi shekara da shekaru ba tare da an sauya miki suna ko kujera ba.

Waɗanda suka ga aikinta suna da yawa. Aina'u, ma'aikaciyar ɗakin shan magani na ƙauyen, ta shaida yadda kwamfutarsu ta ƙi tashi ana jibi rigakafi, sunayen yaran unguwanni shida na ciki. Malama Amsa ta zo da mayafinta da gwangwaninta, ta zare wani abu ta goge ta mayar, ta sha ruwa ta tafi. 'Yan ajin ƙarshe na shekaru da dama, a kan waɗannan tsofaffin injina suka fara sanin yadda ake danna amsa kafin su je jarrabawar shiga jami'a. Amma labarin da ya fi zama a bakin mutane shi ne na Malam Fatihu.

Malam Fatihu malamin tarihi ne, kuma makaho ne tun yana ɗan shekara tara. Laftof ɗinsa ita ce idonsa a wajen aiki. Akwai manhaja a cikinta da ke karanta masa duk abin da ke kan allo, da ita yake shirya darasi, da ita yake rubuta tambayoyin jarrabawa, da ita yake kiran sunayen ɗalibai. Shekara tara yana koyarwa a haka ba wanda ya taɓa kuka da shi.

Wata Litinin da damina, bayan an tashi, ya shigo ɗakin kwamfuta da sandarsa, laftof rungume a ƙirji. Ya yi sallama, ya laluba kujera ya zauna.

"Yaya Amsa, mutuniyar tawa ta fara in'ina," ya ce.

Ta karɓa ta kunna. Tun kafin allo ya gama buɗewa fankar ciki ta ɗauki gurnani, iska mai zafi na fita ta gefe. Muryar da ke karatu ta fara, ta faɗi rabin kalma, ta tsaya, ta maimaita, ta yi shiru na tsawon lokacin da mutum zai sha kofin ruwa, sannan ta zubo kalmomi biyar a haɗe.

"Tun yaushe?"

"Mako biyu ke nan. Da farko kaɗan-kaɗan. Ranar Asabar na kai ta gari. Mai gyaran ya ce ta tsufa, ko dai a yi mata fomatin a goge komai a sake zubawa, ko in nemi sabuwa. Na ce ya ba ni abata." Ya juyo wajenta. "Kin san ranar Alhamis masu duba malamai za su zo. An ce ajina za su fara shiga."

Ta sani. Ta kuma san abin da bai faɗa ba. Tun bara ake ta raɗe-raɗin cewa wasu na ganin gara a ɗauke shi daga aji a ba shi tebur a ofis, wai don a sauƙaƙa masa. Idan suka shigo suka tarar da shi tsaye gaban yara yana jiran inji ya gama in'ina, magana ta ƙare.

"Bar min ita a nan, ka zauna kusa," ta ce. "Duk abin da na gani zan gaya maka."

Haka take aiki da shi kullum. Ba ta taɓa taɓa masa inji a ɓoye ba. Ta buɗe shafin da ke nuna abin da kowace manhaja ke ci daga ƙarfin kwamfuta, ta jera su daga mai ci da yawa zuwa mai ci kaɗan. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin duk tunanin injin, tana aiki kashi casa'in da shida cikin ɗari, alhali ba a buɗe komai ba.

"Malam, ba tsufa ba ne," ta ce. "Kuma ba mai karatun taka ba ce. Ita ko kashi uku ba ta samu. Akwai wanda ya tare hanya."

"Wane ne?"

"Ka san a cikin kowace kwamfuta akwai ƙananan manhajoji da ba kai ka kira su ba, suna aikinsu a bayan fage. Ɗaya daga ciki aikinta kula da faifan ajiya. Ita ke sanin guda nawa ne, wanne aka saka, wanne aka cire. A ƙa'ida leƙawa take ta koma ta kwanta. To ita ce nan a sama, ta cinye kusan komai."

Ta tsayar da ita. Nan take fanka ta sassauta, muryar ta karanta layi guda cif ba tangarɗa. Malam Fatihu ya ɗago kai, fuskarsa ta saki.

Daidai lokacin shugaban makaranta, Malam Abdulkabir, ya leƙo zai wuce gida. Ya ji abin da ake ciki, ya ce, "To ai shi ke nan, Malama. A kashe ta gaba ɗaya a huta."

"Ranka ya daɗe, kashewa ba wuya," ta ce. "Amma ba mu san abin da ya tayar da ita ba. Wannan ba ta haukacewa haka kawai, wani abu take nema ta kasa samu. In na rufe mata baki, gobe ya sa filasha kwamfuta ta ƙi gani, ko kuma faifan ne ke mutuwa mu ba mu sani ba, ranar da zai tafi ya tafi da aikin shekara tara."

Ta kashe laftof ɗin ta sake kunnawa don ta gwada. Ba a yi minti biyu ba gurnanin ya dawo, in'inar ta dawo. Malam Fatihu ya mayar da hannu kan sandarsa ya riƙe.

Kafin la'asar ta yi abu ɗaya da ta ce shi ne farilla, ta kwafe duk takardunsa zuwa wani faifai nata. Sannan ta ce ya je gida, su haɗu da safe.

Ranar Talata ta bi abin daki-daki. Ta sa kwamfutar ta binciki babban faifanta daga farko zuwa ƙarshe, aka ɗauki awa biyu, sakamako ya fito lafiya lau. Ta duba ko aikin gyara zaman fayiloli da injin kan yi wa kansa lokaci-lokaci ne ya maƙale, ta tarar ba shi ba ne. Ta sa aka tantance fayilolin tsarin kwamfutar ko wani ya lalace, babu. Ta bincika ko cuta ce ta shiga ta ɓoye da sunan manhajar, ta ga ta gaskiyar ce, a mazauninta take. Tsakanin wannan da wancan ta buga wa ofis takardu biyu, ta saita wa 'yan aji biyu darasinsu, ta dawo.

"Malam, ka tabbata ba abin da ke jone da ita? Filasha, ko wani faifai na waje?"

"Babu. Caja ce kawai da abin kunne."

Wajen sha biyu ta buɗe kundin da kwamfuta ke rubuta wa kanta duk abin da ya same ta. Shafi ne da yawancin mutane ba su san da shi ba, waɗanda suka sani ma ba sa son karanta shi, don dogo ne kuma ba daɗi. Ta sa tabarau ta bi layi-layi. Ƙorafi ɗaya ne ke ta maimaituwa, duk bayan 'yan daƙiƙu, sau dubbai: an kasa karanta faifai na biyu.

Ta cire tabarau ta dubi laftof ɗin. Faifai ɗaya gare ta, ita da kanta ta taɓa buɗe cikinta. Ta ɗaga ta, ta bi gefenta da ɗan yatsa a hankali. A ƙasan gaba, inda ido ba ya kaiwa sai an karkata ta, ta ji bakin wani ɗan kati ya shige ya yi daidai da jikin injin.

"Malam, wannan memorin fa?"

"Au, wannan ai na Hure ne," ya ce. "Shekara uku yana nan, ban taɓa cire shi ba. Ni na ɗauke shi jikin kwamfutar ne."

Hure matarsa ce. Littattafan tarihin da ake koyarwa da su babu su a sigar da inji zai karanta, don haka ita ce ta riƙa karanta masa su ana ɗaukar muryarta a waya, babi-babi, kullum da hantsi bayan ta gama aikin gida, ana juyowa daga wayar ta laftof ɗin ana tarawa a katin. Littafi shida ta gama a shekara uku. Ya ce kwanan nan in ya nemi karatun ba ya buɗuwa, amma ya ɗauka duk cikin nauyin da kwamfutar ta yi ne.

"Akwai kwafinsu a wani wuri?"

"Wayar da aka ɗauka da ita ta faɗa rijiya bara."

Malama Amsa ta kashe injin, ta danna katin ya fito, ta sake kunnawa. Shiru. Ta buɗe shafin nan, furosesa na kan kashi huɗu. Suka jira minti goma, suka kashe suka kunna har sau uku. Muryar ta karanta masa jadawalin darasinsa tun daga sama har ƙasa kamar ba ita ba.

"Katin ne ya fara lalacewa," ta ce. "Mai kula da faifan ta ga an saka abu, ta je ta buɗe, ya ƙi. Ta koma, ya ƙi. Ita kuma ba a koya mata haƙura ba. Mako biyu tana ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya, ta hana kowa sakat."

Ya yi dariya, ya yi hamdala. Can sai dariyar ta tsaya. "To karatun Hure fa?"

"Kai je ka shirya darasinka na Alhamis. Wannan nawa ne."

Wani mai gyaran, daga nan aikinsa ya ƙare. An kawo kwamfuta na ciwo, ta warke, kati kuma a jefar. Malama, ke ce kika ɗauki abin da bai kai farcen babban yatsa ba kika naɗe shi a gefen mayafi, don kin san hantsin wata mata na shekara uku ne a ciki.

Ranar Laraba ta goge bakin katin, ta tura ɗan makullin gefensa yadda ba abin da zai ƙara rubutuwa a kai, ta sa shi a wani abin karanta kati ta jona da kwamfutarta. Bai buɗu ba sai a gwaji na huɗu. Ba ta yi gangancin kwasowa gaba ɗaya ba. Ɗaya-ɗaya ta riƙa ɗauka, wanda ya ƙi ta tsallake shi ta dawo masa daga baya. Kati ya ɗauki zafi ta cire ta bar shi ya huce. Shayinta ya yi sanyi a kofi ba ta sani ba.

Da azahar Hure ta zo da kanta, da kwanon dafaffiyar gyaɗa, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Yaya, an ce muryata ce ta hana kwamfutar Malam magana."

"Shigo ki ji ta da kunnenki," in ji Malama Amsa.

Ta danna na farko. Muryar Hure ta fito tana karanta labarin fatake da ayarin raƙuma, zakara na cara a bayanta. Ana cikin haka aka ji ta ce, "Malam, tsaya in sauke tukunya," sai ƙarar murfi, sannan karatu ya ci gaba. Hure ta rufe fuska da mayafi. Malam Fatihu, da ya shigo bayanta, ya ce ai wannan wurin ya fi so a duk littafin.

Cikin karatu ɗari biyu da talatin, goma sha ɗaya ne suka ƙi fitowa. Malama Amsa ta faɗa musu ba ɓoye-ɓoye, ta karanto musu sunayen babin da suka salwanta.

"Sha ɗaya dai?" Hure ta ce. "Na zata daga farko zan koma. Wannan kafin a yanke gero na gama."

Sauran ta zuba su a cikin laftof ɗin, ta sake zubawa a filasha biyu, ɗaya ta ba Hure ta ce ta ajiye a gida nesa da rijiya. Ta sabunta manhajar da ke tafiyar da ramin katin, ta bar mai kula da faifan a kan aikinta yadda aka tsara ta. Sannan ta kama hannun rigar Malam Fatihu ta kai yatsansa kan ramin, ta ce, "Ka san da shi daga yau." Ta kuma koya masa maɓallan da zai danna ya ji da kunnensa wace manhaja ce ke cin ƙarfin injin, don kada ya sake jiran kowa kafin ya san abin da ke damunsa.

Ranar Alhamis baƙi biyu suka zauna a bayan aji. Malam Fatihu ya kira sunayen yara arba'in da bakwai, ya yi darasinsa, ya yi tambayoyi aka amsa. Ɗaya daga cikin baƙin ya ce yana son ganin tsarin darasin zangon da ya wuce. Kafin ya gama gyara zama an buɗe masa. Malama Amsa ba ta je ba. Tana ɗakinta tana fama da firinta, sai Malam Abdulkabir ya leƙo ya ce, "Malama, ajinsa na nan a hannunsa." Ta ce, "Madalla," ta ci gaba da zaro takardar da ta maƙale.

A rahoton da baƙin suka rubuta an yaba wa malamin, an yaba wa shugaban makaranta. Babu sunanta a ciki, kuma ba ta tambaya ba.

Makon jiya aka yi mata walimar ajiye aiki a ƙarƙashin darbejiyar makaranta. An yi jawabai, an ba ta atamfa da bargo. Da aka ba Malam Fatihu dama, bai yi dogon zance ba. Ya ce mutane da yawa sun taimake shi a rayuwa ta hanyar yi masa abu, amma Yaya Amsa tana cikin 'yan kaɗan da suke gaya masa abin da suke yi yayin da suke yi. Da aka matsa mata ta ce wani abu, ta miƙe ta gode wa Allah, ta roƙi gafarar wanda ta ɓata wa, ta ce batiran sola na buƙatar canji kafin baɗi, ta zauna.

Malama Amsa, mai haƙurin bin layi, mun gode. Mun gode a madadin yaran da suka fara taɓa kwamfuta a ɗakinki, da iyayen da aka samu sunayen 'ya'yansu ranar rigakafi, da malamin da yau yake tsaye gaban ajinsa. Allah Ya ba ki lafiya da hutu mai albarka, Ya sa abin da kika yi ya tarar da ke a mizani.

Masu gyara, ku yi koyi da ita. Kafin ku ce a goge, ku tambayi injin abin da ke damunsa, ku tambayi mai shi abin da ke ciki. Shugabanni kuma, kowa ya duba ma'aikatarsa. Akwai wani a can ƙarshen baranda da ke riƙe da aikin da ba a rubuta masa ba. Ku je ku gaishe shi da sunansa tun yana kan kujerar.